Daga Sangaya Zuwa Jaruma: Yadda Hoto Ya Koyi Ba Da Labari A Waƙoƙinmu

Mai karatu, bari in fara maka da wani abu da ya faru a gabana a garin Ajingi wajen shekarar 2000. Muna zaune a wani gidan kallo na zana, kowa ya biya kuɗinsa, janareta na ta ƙugi a waje. Fim ne na soyayya, an zo daidai wurin waƙa, sai sautin talabijin ya ɗauke ɗif. Hoto na tafiya, murya babu. Mai gidan kallo ya yi ta bubbuga akwatin, yara na ihu a dawo masu da kuɗinsu. Can sai wani magidanci mai sayar da rake da ke zaune a bayana ya ce, "Ku yi mana shiru mana! Ai fushi take yi da shi, ba ku ga ta juya masa baya ba? Ku jira, yanzu za ta sauko." Ba a jima ba sai ga jarumi da jaruma sun fito da kaya launi ɗaya. Mutumin nan ya tafa hannu ya ce, "To kun gani, an shirya!"

Wannan bawan Allah bai taɓa shiga ajin koyon fim ba, amma ya karanta waƙa tun daga farko har ƙarshe ba tare da ya ji ko baiti ɗaya ba. Abin da ya karanta kuwa harshe ne na hoto, wanda masu shirya finafinanmu suka yi shekaru suna ginawa, galibi a cikin takura. Tarihin wannan harshe shi ne abin da nake so mu bi tare, domin an daɗe ana musu a kan ko rawa da waƙa sun dace ko ba su dace ba, amma ba kasafai ake tsayawa a duba yadda ake ɗaukarsu ba.

Lokacin da kyamara ke tsaye wuri ɗaya

Idan ka taɓa ganin tsofaffin hotunan Alhaji Mamman Shata da gidajen talabijin na Kaduna da Kano suka ɗauka, za ka lura da abu guda. Mawaƙi na tsaye ko zaune, makaɗa da 'yan amshi na gefensa, kyamara kuma ta kafe a gabansu kamar baƙon da aka ba tabarma. Iyakarta ta matso kusa da fuskar mawaƙi, ta leƙa hannun mai kalangu, ta koma. Duk labarin yana bakin mawaƙi. Idan Shata ya kai ka wani gari a cikin waƙa, da kunnenka za ka je, idonka yana nan cikin sitidiyo.

A wancan zamani aikin hoto shi ne shaida kawai, wato ya nuna maka cewa ga mai waƙar nan. Ba a ɗora masa nauyin ya faɗi wani abu na kansa ba.

A ƙasashen Turawa ma abin bai daɗe da kankama ba. Tashar MTV ta Amurka, wadda a lokacin aikinta shi ne nuna bidiyon waƙoƙi dare da rana, ta fara aiki ne ran 1 ga Agusta, 1981. A Disambar 1983 Michael Jackson ya fitar da bidiyon Thriller, wanda darakta John Landis ya shirya, mai tsawon kusan minti 14, da farko da tsakiya da ƙarshe kamar ƙaramin fim. Daga nan duniya ta yarda cewa bidiyon waƙa zai iya ɗaukar labari. Sai dai mu a nan ba ta wannan ƙofa darasin ya shigo mana ba. Malamanmu na Bombai ne.

Makarantar Indiya

Tun fim ɗinsu na farko mai magana, Alam Ara na 1931, Indiyawa suka saka waƙoƙi bakwai, kuma ba su sake rabuwa da waƙa ba. 'Yan kasuwa Kwarori ne suka riƙa shigo da finafinan Indiya Arewa tun cikin shekarun 1950, aka yi ta nuna su a silimu irin su Plaza da Orion da Marhaba da Eldorado a Kano. Da talabijin ta zo Kano a 1976, sai finafinan suka shiga har ɗakunan matan aure waɗanda ba sa zuwa silima. Abin ya kai har a 1996 Nazeer Abdullahi Magoga ya fitar da littafin fassarar waƙoƙin Indiya da Hausa.

To me Bahaushe ya koya a wannan makaranta? Ka tuna yawancin masu kallo ba sa jin Indiyanci. Dole ido ya yi aikin kunne. Sun koyi cewa idan aka ga masoya cikin gari, sai kwatsam ga su a kan dutse ko cikin furanni, to an shiga cikin zuciyar ɗayansu ne, mafarki ne ko bege. Sun koyi cewa mai motsa baki daban, mai rera waƙar daban, kamar yadda muryar Lata Mangeshkar da ta Mohammed Rafi suka fito daga bakunan jarumai barkatai. Sun kuma koyi dabarar kunya: shekaru da yawa daraktocin Indiya ba sa nuna sumba, sai kyamara ta kauce ta nuna furanni biyu sun haɗu. Wannan dabara ta kaucewa ita ce ta fi yi wa 'yan fim ɗinmu rana daga baya.

Kada mu manta da littattafai, tunda na san da yawa daga masu karanta wannan mujalla ta nan suka biyo. Littattafan soyayya na ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 sun saba saka baitoci a bakin saurayi da budurwa. Marubutan nan kuwa su ne suka tsallaka zuwa fim. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zama fim a 1994. Saboda haka lokacin da masoya suka fara rera wa juna waƙa a bidiyo, mai karatun littafi bai ga baƙon abu ba.

Fiyano ya shigo, Sangaya ta fito

Fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda ya fito a Kano a 1990, shi ake ɗauka a matsayin mafarin kasuwar finafinan Hausa na bidiyo. A shekarun farko waƙa ba ta zama dole ba. Daga tsakiyar shekarun 1990 ne abin ya fara sauyawa. Ana yawan ambaton Badaƙala na Ɗan'azumi Baba, wanda ya fito a 1997, cikin finafinan farko da suka tsara rawa da waƙa irin ta Indiya. A daidai lokacin ne fiyanon Yamaha ya shiga sitidiyoyin Kano, musamman na Iyan-Tama, inda mutum ɗaya zai zauna ya fitar da sauti mai kama da na kalangu da sarewa da ganga, ba tare da an tara makaɗa ba.

Sai 1999, kamfanin Sarauniya ya fitar da Sangaya, inda Ali Nuhu ya fito a Yarima Maina, Fati Muhammad kuma ta fito a Zubaina, yarinyar da ke hidima a gidan sarauta. Wanda duk ya yi wayo a lokacin ya san yadda waƙar fim ɗin ta game gari, daga shagunan kaset na Bata har gidajen biki a Gaya da Toranke da Balare. A 2000 Wasila ya biyo baya, wanda Yakubu Lere ya ɗauki nauyi, Ishaq Sidi Ishaq ya ba da umarni. Daga nan kasuwa ta yanke hukunci: fim ba waƙa, kaset ba ciniki.

Wannan hukunci ya juya tsarin aiki gaba ɗaya. Furodusa kan fara sayen waƙa, a je a ɗauke ta, a liƙa ta a matsayin talla a farkon wani kaset, tun kafin a kammala labarin fim ɗin. Idan waƙar ta karɓu, dilolin Ƙofar Wambai za su nemi fim ɗin. Ka ga ke nan tun a lokacin waƙar fim ta fara zaman kanta, ta zama bidiyon waƙa a fakaice. Sunayen masu rerawa irin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Mudassir Ƙasim da Sadi Sidi Sharifai da Fati Nijar suka fara fitowa fili, duk da cewa fuskokin wasu ake gani.

Baƙaƙe da wasulan wannan harshe

Yanzu bari mu koma ga mai rake na Ajingi, mu ga abin da ya karanta.

Na farko ita ce tazara. A fim ɗin Hausa saurayi ba ya taɓa budurwa. Wannan iyaka ce da al'ada ta shata tun kafin hukuma ta rubuta ta. To da yake an rufe ƙofar taɓawa, sai filin da ke tsakanin mutum biyu ya zama shi ne mai magana. Idan tana gaba yana binta, ban-haƙuri ake yi. Idan bishiya ta shiga tsakaninsu, yana leƙowa ta dama tana leƙowa ta hagu, wasa ne da jan aji. Idan suka jero kafaɗa da kafaɗa suna fuskantar kyamara, magana ta zauna. Fure ko gefen mayafi ko hankici kan yi aikin ɗan aike, ya tashi daga wannan hannu zuwa wancan ba tare da hannuwan sun haɗu ba.

Na biyu sutura. Mutane kan yi dariya idan jaruma ta sake kaya sau biyar a waƙa ɗaya, suna tambaya wai ina ta ajiye akwatin. Amma sake kaya agogo ne, yana gaya maka kwanaki sun shuɗe kuma soyayya na nan. Launi iri ɗaya anko ne, alamar an zama ɗaya. Haka nan sutura ce ke bayyana matsayi, kamar yadda a labari irin na Sangaya ido ke rarrabe ɗan sarki da mai hidima kafin kowa ya buɗe baki. A nan ne kuma rigima ta fi tsanani, domin da yawa daga daraktoci sun riƙa ajiye atamfa da shadda a cikin labari, idan an zo waƙa sai a ɗauko ƙananan kaya, bisa hujjar cewa ai mafarki ne.

Na uku wuri. Indiyawa na da duwatsun ƙanƙara, mu kuma muna da madatsar ruwa ta Tiga da Bagauda da gidan zu na Kano da duwatsun Jos. Talakan da ke cikin labari yana kwana a ɗakin haya, amma waƙa na tashi sai ga shi a bakin ruwa cikin korayen ciyayi. Ruwa da kore su ne hoton wadata ga mutumin da ya san zafin bazara. Shi ya sa ake rububin ɗaukar waƙa da damina.

Na huɗu 'yan amshi. Wannan kam ba daga Bombai kaɗai aka aro shi ba. Jerin 'yan mata da ke bayan jaruma suna tafi suna juyi, duk wanda ya taɓa ganin gaɗa a dandali cikin farin wata ya san asalinsa. Ma'anarsu a hoto ita ce soyayyar nan a bainar jama'a ake yinta, da shaidu, ba a lungu ba.

Na biyar aikin edita. Waƙar fim ɗin Hausa yawanci musayar baiti ce, namiji ya yi mace ta mayar. Sai edita ya riƙa yanka hoto a gaɓar kowane baiti, fuskarsa, fuskarta, fuskarsa. Idan aka narkar da fuskarta a kan tasa, ko aka sa ta a cikin wata ko cikin fure, to tunaninta yake yi. Idan hoto ya koma fari da baƙi, an koma baya ne. Kyamara ɗaya ce a hannun yawancinsu, saboda haka akan kunna kaset a lokeshin a maimaita rawar sau da dama daga kusurwa daban-daban, sannan a je a ɗinke.

Akwai kuma wanda ya fahimci wannan harshe har ya riƙa yi masa shaƙiyanci, wato marigayi Rabilu Musa Ibro, maƙwabcinmu na Wudil. Ibro kan ɗauki duk waɗannan ƙa'idoji ya kifar da su: shigar da ba ta dace da wuri ba, rawar da ta wuce kiɗa, soyayyar wanda ko sisi babu a aljihunsa. Dariyar da ake yi masa hujja ce cewa masu kallo sun haddace ƙa'idar da yake karyawa.

Lokacin da hoto ya kai mutum kurkuku

Kada ka ɗauka wannan magana ce ta nishaɗi kawai. A Disambar 2000, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci, Gwamnatin Jihar Kano ta dakatar da harkar fim, sannan a 2001 ta kafa Hukumar Tace Finafinai. Daga lokacin tazarar da ke tsakanin jarumi da jaruma ta zama abin da jami'i ke dubawa kafin kaset ya shiga kasuwa.

A 2007, bayan abin kunyar nan na hoton waya da ya girgiza industiri, aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, aka kuma tsananta a kan rawa da waƙa. A Satumbar shekarar aka yanke wa Adam A. Zango hukuncin ɗaurin wata uku a kan kundin bidiyon waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya, wanda aka ce ya fitar ba tare da tacewa ba. A 2008 shi ma Ibro ya sha ɗauri a kan waƙar Mamar da ke cikin fim ɗin Ibro Aloko. 'Yan fim da yawa suka kwashe kayansu zuwa Kaduna da Jos.

Bayan shekara tara aka sake ganin ƙarfin wannan iyaka. A Oktobar 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga harkar finafinan Hausa saboda bidiyon waƙar da ta fito a ciki tare da mawaƙin nan na Jos, ClassiQ, inda aka ga sun riƙe hannu sun rungumi juna. Ba kalmomin waƙar ne suka jawo hukuncin ba. Abin da ido ya gani na 'yan daƙiƙoƙi ne ya jawo shi. Ko kana ganin hukuncin ya yi daidai ko ya yi tsauri, ya nuna maka cewa a ƙasar Hausa ana karanta hoto da gaske.

Waƙa ta bar gidan fim

Matsin 2007 ya zo daidai da yaɗuwar wayar hannu. Waƙar da aka hana a kaset sai ta bi ta bulutut da memori. A kowace kasuwa aka samu samari masu kwamfuta da ke tura wa mutane waƙa a waya da ɗan kuɗi kaɗan. Mawaƙi ya gane ba sai ya jira furodusa ba. Su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Naziru M. Ahmad suka yi suna da kundayensu, wasu har suka fito da fuskokinsu a bidiyo. Umar M. Shareef ma ya zama jarumi a fim ɗin Mansoor na kamfanin FKD a 2017. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta ba bidiyon waƙa fili a shirin Zafafa Goma, YouTube kuma ya zama sabuwar Ƙofar Wambai.

Da wannan sauyi hoto ya yi kyau ƙwarai. Kyamarori sun yi ƙarfi, an iya haske, ga ƙaramar kyamara mai tashi sama tana nuna gari kamar yadda shirwa ke ganinsa. Amma an samu wani giɓi. Waƙar fim tana da labarin da ya riƙe ta gaba da baya, mai kallo ya san dalilin kukan jaruma. Bidiyon da ke zaman kansa dole ya gina labarinsa cikin minti huɗu, kuma da yawa ba sa ma gwadawa. Sai ka ga mota, ga katafaren gida, ga jaruma na juyi, waƙar na maganar rabuwa amma kowa na murmushi.

A 2020, lokacin kullen korona, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta nuna wani sabon salo. Mata, har da matan aure, suka riƙa ɗaukar kansu da waya suna rawar waƙar a cikin gidajensu suna sakawa a intanet, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce sosai. A 2022 waƙar Warr ta Ado Gwanja ta bi wannan hanya a TikTok. Ma'ana, mai kallo ya karɓe kyamara daga hannun darakta. Hoton ya koma a tsaye, daidai tsawon mutum ɗaya, babu wurin 'yan amshi, babu wurin tazarar nan ta mutum biyu da aka yi shekaru ana sarrafawa.

Abin da ya rage mana

Abu biyu ke damuna, mai karatu. Na farko, kaset ɗin bidiyo ba ya jure zafi da ƙura, kuma yawancin waƙoƙin da muka ambata na shekarun 1990 da farkon 2000 a kansa suke. Abin da ake samu a intanet sau da yawa kwafin kwafi ne, ya dushe, babu sunan mai ɗaukar hoto balle na edita. Idan ba a tattara su an adana ba, yaran da ke riƙe da kyamara yau za su taso ba su san cewa akwai waɗanda suka riga su warware matsalar nuna so ba tare da taɓawa ba. Duk mai tsohon kaset a ƙarƙashin gado, ya san dukiya ya ajiye.

Na biyu, har yau ban daina mamakin yadda ake tsallake garuruwa irin namu ba. Mutumin Ajingi da Gaya ya sayi kaset, ya biya kuɗin gidan kallo, yanzu yana sayen data, amma da wuya ya ga irin rayuwarsa a bidiyon waƙa, in ba a wasan barkwanci ba inda ake mai da baƙauye abin dariya. Alhali Gaya ce garin da tarihi ya ce daga cikinsa maƙeran farko suka tashi suka zauna a gindin Dala. Ga gonakin gero da kaka, ga 'yan mata a bakin rijiya, ga hawan salla, ga maƙera da wutarsu. Daraktan da ke neman hoton da ba a gaji da gani ba, ya bi hanyar Wudil ya zo.

Kafin nan, ga ɗan gwaji da za ka iya yi a daren yau. Ka zaɓi bidiyon waƙar da ka fi so, ka kashe sautin, ka kalla har ƙarshe. Idan ka gane wa ke so, wa ke fushi, da inda aka kwana, to daraktan ya ci kuɗinsa da guminsa. Idan kuwa mota da gida kawai ka gani, sai ka rubuto wa wannan mujalla sunan waƙar, mu tattauna a kai a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.